Mene ne salon emo, kuma me ya kamata iyaye su lura da shi?

A watan Oktoban 2020, hotuna sun bazu na jami'an Hisbah a Kano suna aske wa matasa kai a bainar jama'a saboda abin da ake kira askin banza. Irin wannan takaddama kan suma da sutura ba a Arewa ta fara ba, kuma babu salon da ya sha ta kamar emo. Waƙoƙin da suka gaji wannan salo yanzu suna isa duk inda wayar salula ta isa, har Yelwa da Wara da Shanga.

Daga ina ya fito?

Emo ya tsiro ne a birnin Washington na Amurka a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da mawaƙa irin su Rites of Spring suka karkatar da kiɗan jita mai amo daga zancen siyasa zuwa ciwon zuciya. Sunan ya samo asali daga kalmar Turanci mai nufin motsin rai. A shekarun 2000, ƙungiyoyi kamar My Chemical Romance suka kai shi kasuwar duniya tare da kamanninsa: baƙaƙen kaya, matsattsen wando, suma baƙa wuluk mai rufe ido ɗaya, da kwalli ga maza da mata. Halayyar da ke tattare da shi ita ce keɓe kai da fitar da baƙin ciki a fili.

Daga baya salon ya shiga waƙoƙin gambara ta bakin Lil Peep da Juice WRLD, waɗanda ƙwayoyi suka yi ajalinsu a 2017 da 2019, kowannensu yana da shekara 21. A Najeriya, CKay, haifaffen Kaduna, yana danganta kiɗansa da emo, kuma kundin Omah Lay na 2022, Boy Alone, cike yake da zancen kaɗaici.

Me ƙyamar salon ta haifar?

A watan Maris na 2008, gungun matasa sun far wa 'yan emo da duka a birnin Keretaro na Meziko. A Iraƙi abin ya fi muni. A Fabrairun 2012 ma'aikatar cikin gida ta alaƙanta salon da bautar Shaiɗan, kuma cikin 'yan makonni kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito an kashe aƙalla matasa 14 a Bagadaza. Kamanni kawai aka bi aka yanke musu hukunci.

Shin salon ne ke jawo damuwa?

A 2015 mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa bincike kan matasan Birtaniya masu salon goth, wanda ke kama da emo. An gano cewa waɗanda suka rungumi salon sosai suna da shekara 15 sun fi takwarorinsu yiwuwar kamuwa da cutar damuwa da kusan ninki uku idan suka kai 18. Sai dai masu binciken ba su ce salon ne sanadi ba. Mai yiwuwa yaron da aka tsangwama ne yake neman waɗanda suka san zafin da yake ji.

Me ya shafi Yauri?

Matasan masarautar ba sa buƙatar aron baƙin ciki daga Amurka. A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kuma wasu 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023. Makonni uku kafin harin, jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, mutane da dama suka rasu. Sa'o'in waɗanda abin ya shafa sun girma da wannan a zukatansu, a cikin al'ummar da ke koya wa yaro cewa namiji ba ya kuka.

Hanyar neman taimako kuma ba ta da sauƙi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana can jihar Sakkwato. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, amma sashe na 231 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa iyalai su ɓoye matsalar.

Likitoci sun fi mayar da hankali kan alamomi irin su daina barci ko cin abinci, janyewa daga abokai, tabon yanka a hannu, shan ƙwayoyi, da yawan ambaton mutuwa. Uba na da ikon tsawata wa ɗansa kan aski ko sutura. Amma idan waɗannan alamomi suka bayyana, aska ba za ta kai gare su ba, sai zama da yaron a saurare shi, sannan a kai shi wurin likita.