Kumbon da Ba Ya Barin Ƙasa: Jiri da Ƙunci a Lilon Kwaikwayo

A filin shaƙatawa na Epcot da ke jihar Florida a Amurka akwai wani abin hawa da kamfanin Disney ya buɗe a 2003, mai suna Mission: SPACE. Mutum huɗu ake zaunarwa a wani ɗan ɗaki, kafaɗa da kafaɗa, a sauko musu da mariƙi ta saman kafaɗu, a rufe ƙofa, sannan bangon gaba mai ɗauke da allo da maɓallai ya matso har daf da fuska. Sai a ce an harba kumbo zuwa duniyar Mars. Alhali ba inda ɗakin yake zuwa. Maƙale yake a hannun wata ƙatuwar na'ura mai juyawa, kuma juyin ne yake danna mutum a kujera da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau biyu da rabi. Mai kilo 70 zai ji kamar ya kai 175. A cikin ɗakin an tanadi jakar amai irin ta jirgin sama, da 'yar iska mai busawa a fuska. Masu wurin sun san abin da suka ƙera.

Irin waɗannan lilo na kwaikwayo ba sa nesa da mu kamar da. Iyalan da suke zuwa hutu Dubai da Abu Dhabi suna cin karo da su a IMG Worlds of Adventure da Motiongate da Ferrari World, ƙananansu kuma, wato kujera mai girgiza da tabarau mai rufe ido gaba ɗaya, sun fara shigowa wuraren wasan yara a manyan biranenmu. Wanda ya hau ya sauko a galabaice yakan ce kawai "abin bai karɓe ni ba." Amma matsala biyu ce daban-daban take ɓuya a cikin wannan magana. Akwai jiri da tashin zuciya, akwai kuma ƙuncin da yake kama mutum idan aka rufe shi a matsattsen wuri. Tushensu ba ɗaya ba, maganinsu ba ɗaya ba.

Jirin daga kunne yake tasowa. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ne suke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, waɗanda suke auna karkata da tafiya gaba ko baya. Waɗannan tsakuwoyi suna da wani rauni: ba sa iya bambance karkatar da jiki baya da zaburar mota gaba, domin duka biyun wuri ɗaya suke tura su. A kan wannan rauni aka gina sana'ar gaba ɗaya. Star Tours, wanda aka buɗe a Disneyland ta Kalifoniya a 1987, daga na'urar koyar da matuƙan jirgin sama aka samo shi: ɗaki mai cin mutum arba'in a kan ƙafafun ƙarfe shida masu miƙewa da tsukewa. Idan majigi ya nuna jirgi ya zabura, sai ɗakin ya ɗaga hanci sama, bayanka ya manne da kujera, ka rantse da gaske gudu ake yi.

Sai dai yaudarar ba ta taɓa cika ɗari bisa ɗari. Ido yana ganin an faɗa rami mai zurfi, kunne kuwa ya ce motsin bai wuce taku ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zama a mota cikin tasha, motar kusa ta fara ja, ya ji kamar tasu ce take komawa baya har ya riƙe kujera, ya ɗanɗani wannan ruɗani na daƙiƙa ɗaya. Lilon kwaikwayo shi yake maimaita maka na minti huɗu ko biyar ba hutu. Masana biyu, Reason da Brand, su ne suka fayyace wannan bayani na saɓanin ido da kunne a littafinsu na 1975, kuma har yau shi ne aka fi karɓa. Me ya haɗa ruɗani da amai kuwa? A 1977 wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo hasashen cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar saɓanin a matsayin alamar an ci guba, tunda guba ma haka take rikita gani da daidaiton jiki, don haka sai ta umarci ciki ya fitar da abin da ke cikinsa. Hasashe ne, amma mai ma'ana.

Hujjar da ta fi burge ni a wannan fage ita ce ta wasu kurame goma sha ɗaya daga kwalejin Gallaudet da ke birnin Washington. Kusan dukkansu sanƙarau ne ya lalata musu cikin kunne tun suna yara. Tsakanin 1958 da 1968 sojan ruwan Amurka da hukumar NASA sun yi ta gwaji da su: an juya su a na'ura, an sa wasunsu sun kwana goma sha biyu a ɗaki mai juyawa, ba wanda ya yi amai. An kai su teku a gaɓar Nova Scotia ta Kanada ana tsananin igiyar ruwa, suna zaune suna karta abinsu, masu binciken kuwa amai ya kwantar da su har aka dakatar da aikin. Saboda haka wanda lilo ya sa jiri ba rago ba ne. Kunnensa ne yake aiki. Sai dai wasu sun fi wasu saurin kamuwa: yara daga shekara biyu zuwa sha biyu, mata, musamman masu juna biyu, da masu ciwon kai na ɓari guda.

Shawarar da kowa yake bayarwa ita ce "rufe idonka." Wannan tana aiki a wani wuri, tana cutarwa a wani. Idan lilon na majigi ne, wanda yawancin motsinsa a allo yake, kamar Soarin' ko kujerar tabarau, rufe ido na 'yan daƙiƙu ko kallon wani abu da ba ya motsi, kamar bayan kujerar gaba, yana kashe gardamar ido da kunne nan take. Idan da tabarau ne, cire shi. Amma a na'ura mai juyi irin Mission: SPACE, umarnin da ake ba mahaya tun kafin su shiga shi ne su jingina kai, su bar ido a buɗe, su kalli gaba kawai. Dalili kuwa, idan jiki yana cikin juyi sai ka waiwaya, ruwan bututun kunne yana karɓar juyi biyu a lokaci guda, sai ka ji duniya ta kife. Uban da ya juya don ya duba ɗansa a kujerar gefe, shi ne yakan fara laluben jaka. Akwai kuma masu haɗa duka biyun, irin Harry Potter and the Forbidden Journey na kamfanin Universal da aka buɗe a 2010, inda benci mai mutum huɗu yake a bakin hannun ƙarfe irin na masana'antar haɗa motoci, yana wurga ka daga gaban wannan allo zuwa wancan. A irinsa, a danne kai a majingina, a rufe ido lokacin majigi kawai. Shi ya sa tambayar da ta kamata a yi wa ma'aikacin bakin ƙofa ba "yana da ban tsoro?" ba ce. A tambaye shi: yana juyawa ne, ko girgiza yake yi a gaban allo? Da tabarau? Minti nawa?

Game da ciki, kada a hau da yunwa, kada kuma a hau bayan an cika shi da abinci mai maiƙo. Rashin barci da zafin rana da ƙishirwa duk suna ƙara abin, kuma wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgi jiya yana ɗauke da ukun.

Magani yana aiki, da sharaɗin a sha kafin a hau. Idan zuciya ta riga ta tashi, ciki yana rage narkar da abin da ke cikinsa, ƙwayar sai ta zauna ba ta shiga jini da wuri. Dramamine ana shan sa rabin awa zuwa awa ɗaya kafin hawa, Stugeron kimanin awa biyu, Avomine kuwa, wanda matafiya da yawa suka sani a kemis, yakan fi kyau a sha tun daren jiya. Akwai filasta mai hayosin da ake mannawa a bayan kunne sa'o'i kafin lokaci, yana kai kwana uku yana aiki, amma yana busar da baki, kuma bai dace da mai hawan jinin ido ba. Dukkansu suna kawo barci, don haka wanda zai tuƙa iyali gida ya yi tunani. Magungunan mura da ƙaiƙayi na zamani marasa sa barci, irin loratadin, ba sa hana jirin motsi, asarar kuɗi ce. Citta tana taimaka wa wasu, ko da yake sakamakon bincike a kanta ya rabu biyu. Abin ɗaurawa a wuyan hannu da ake sayarwa a filayen jirgi, ni dai ban ga hujja mai ƙarfi a bayansa ba. Yaro da mai ciki kuwa, ba a ba su ko ɗaya sai da izinin likita.

Amai ba ya zuwa ba sallama. Hamma tana riga shi, da tsinkewar yawu, da zufa mai sanyi a goshi, da yin shiru. Yaron da ɗazu yake ta "Baba, mu sake!" idan ya koma gefe yana hamma, ya gama na yau, ko bakinsa bai faɗa ba. A nemi inuwa da iska, a zauna, a kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, a kalli nesa. Abin taruwa yake yi: wanda ya sauko da ɗan jiri ya wuce kai tsaye zuwa lilo na biyu, ranar tasa ta lalace ke nan.

A 2006 Disney ta raba Mission: SPACE gida biyu, layin ruwan lemo mai juyi, da layin kore wanda aka cire wa juyin. Wannan ya warware wa masu jiri matsala. Mai tsoron matsatsi kuwa bai samu komai ba, domin ɗakin yana nan da ƙanƙantarsa, ƙofar tana rufuwa, allon yana matsowa. A nan ne bambancin matsalolin biyu yake fitowa fili.

Masana halayyar ɗan Adam Rachman da Taylor sun nuna a 1993 cewa wannan tsoro rassa biyu gare shi: tsoron iska za ta ƙare, da tsoron an tsare ka ba halin fita. Yana da amfani mutum ya san nasa. Mai na farko iskar da ke busawa a fuska tana kwantar masa da hankali. Mai na biyu ba ruwansa da iska, mariƙin da ya danne shi ne damuwarsa, ko da ɗakin ya kai filin ƙwallo. Avatar Flight of Passage, da aka buɗe a 2017, ana hawansa ne kamar babur, mariƙi ya tokare baya da ƙafafu, gaba kuwa allo ne makeke. Wani zai ji daɗinsa, wani zai ji an ɗaure shi. Wurare da dama suna ajiye kujerar gwaji a waje. A zauna a kai, a ja mariƙin, a ji yadda yake tun ba a shiga ba.

Idan firgicin ya zo, zuciya tana dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, yatsu da leɓe su fara tsikari, kai ya yi fayau. Mutum sai ya ɗauka iska ce ta yi masa kaɗan, ya ƙara haki. Akasin haka ne: yawan hakin ne ya fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ya kawo tsikarin da jirin. Gyaran shi ne a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, a fi mai da hankali ga fitarwar. Wanda ya saba da tasbihi ya sa shi a kan wannan ma'auni. Irin wannan numfashi yana rage tashin zuciya ma, kusan shi kaɗai ne dabarar da ta haɗa matsalolin biyu. Sanin tsawon tafiyar shi ma makami ne, domin minti huɗu da aka san ƙarshensu sun fi sauƙi a kan minti huɗu da ba a san iyakarsu ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sau da yawa layin ya fi lilon wahala. Ana iya shafe awa ɗaya a lungu mai duhu, sannan a tara mutane a ɗakin bayani a rufe ƙofa. A gaya wa ma'aikaci tun a farko, a nemi tsayawa kusa da ƙofa da kujerar bakin layi. Akwai hanyar fita ga wanda ya fasa, har zuwa lokacin da za a kulle mariƙi, kuma ma'aikatan sun saba. Kunya ce take hana mu. Magidanci ya biya tikiti mai tsada, 'ya'ya suna kallonsa, sai ya ga fasawa zubar da girma ne. Ni a ganina fita ta ƙofar gefe ta fi a riƙo shi a gaban yaran. Wanda kuma tsoron ya bi shi har cikin lif da na'urar hoton asibiti, ya sani ana warkar da shi ta hanyar sabo mataki-mataki a hannun ƙwararre. A tura mutum ciki da ƙarfi wai don ya saba, wannan ƙara masa ake yi.

Allon gargaɗin da ke bakin ƙofa ba ado ba ne. A 2005 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu bayan hawa Mission: SPACE, bincike ya gano yana da ciwon zuciya da ba a sani ba. A 2006 wata mata 'yar Jamus mai shekara 49 ita ma ta rasu bayan hawansa, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa mai nasaba da hawan jini. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, ko baya, ko wuya, da mai juna biyu, ba ƙwayar hana amai ce matsalarsu ba, kada su hau. Mai farfaɗiya ya tambaya ko akwai fitilu masu walƙiya. Jirin lilo na yau da kullum yana lafawa cikin minti kaɗan zuwa 'yan sa'o'i. Idan kuwa ya zo da ciwon ƙirji, ko matsanancin ciwon kai farat ɗaya, ko nauyin harshe, ko mutuwar ɓarin jiki, ko gani biyu-biyu, a kira ma'aikatan lafiyar wurin nan take, kada a tsaya jiran ya wuce.