Gudun harsashi ba kyauta ba ne

A jihohin Amurka irin su Wayomin da Dakota ta Kudu, makiyaya na fama da wasu ƙananan dabbobi masu kama da kurege da ke huda makiyaya da ramuka, da kuma koyot, wani ɗan uwan dila mai cin 'yan tumaki. Dabbobin nan ba sa bari a matso su, sai dai a harbe su daga mita ɗari biyu ko uku. Shi ya sa mafarautan can da yawa ke haɗa harsashinsu da kansu. Suna ɗaukar kwanson da aka riga aka harba, su sauya makunni, su auna albarushi a sikeli, su ɗora sabon kan harsashi. Doka ta ba su wannan damar. A Nijeriya kuwa, mallakar harsashi ba lasisi laifi ne, balle haɗa shi. Lissafin da ke ciki ne ya shafe mu.

Me suke nema? Gudu. Harsashin .220 Swift da kamfanin Winchester ya fitar a 1935 ya wuce mita 1,200 a daƙiƙa ɗaya, wato ya ninka gudun sauti fiye da sau uku. Kan harsashin wajen giram uku ne kawai. 'Yan injiniya, ku tuna darasin shekarar farko: ƙarfin motsi shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu. In ka ninka nauyi, ƙarfi ya ninku sau biyu. In ka ninka gudu, sau huɗu. Ga shi kuma harsashi mai sauri yana isa da wuri, kafin jan ƙasa ya sauko da shi sosai, don haka kuskuren ƙiyasin nisa ba ya cutarwa da yawa.

To, amma fa akwai biya. Na farko, abu mara nauyi iska ce ke wasa da shi. Gudunsa na raguwa da sauri, iskar gefe kuma ta karkatar da shi. Na biyu, zafin albarushi mai yawa yana cinye farkon bututun bindigar, sai saiti ya fara lalacewa tun bindiga ba ta tsufa ba. Na uku, juyi. Cikin bututun akwai zanen da ke murza harsashi, misali zagaye ɗaya a kowane inci 14. A gudun mita 1,200, wannan ya haura juyi 200,000 a minti ɗaya. In rigar tagullar da ta lulluɓe dalmar ta cika siriri, harsashin kan tarwatse a iska tun bai kai ko'ina ba.

Babban haɗarin shi ne matsi. Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke sa iyakar matsin yawancin harsasan da ake sayarwa a Amurka. Ƙarin albarushi kaɗan na iya tsallake iyakar, kwanso ya fashe a fuskar mai harbi. Shi ya sa gogaggu ke farawa daga ƙasa, suna bin littafin kamfani, suna rubuta kowane gwaji, kuma sau da yawa sukan tsaya ƙasa da iyaka domin a nan saiti ya fi kyau.

Haka aikin injiniya yake, ko gada kake zanawa ko injin niƙa. In malami ya tambaye ka me ka samu a aikin kammala karatu, shirya amsar tambaya ta gaba: me ka bayar kafin ka samu?