Kuɗin lauya: a yanke tun farko ko a biya da awa?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da kaya bashi ya san ranar da haƙuri ke ƙarewa. An kai magana gun dattawan kasuwa abin ya ƙi, sai a ce a nemi lauya, wanda muke kira aboka. To, ƙaƙa ake biyan shi?

Hanyoyi biyu suka fi yawa. Ta farko, a yanke kuɗin aikin baki ɗaya tun kafin a soma. Ta biyu, lauya ya ƙirga awowin da ya yi yana karatun takardu, rubutu da zaman kotu.

A ce wata hajiya a Maraɗi tana bin wani jika 500 kuɗin atamfa, lauya ya ce jika 20 kowace awa. In aikin ya ƙare cikin awa 4, jika 80 ke nan. In aka yi ta ɗage zama har awa 15, jika 300, fiye da rabin bashin. Da jika 150 aka yanke, gajeren aiki ya ci ta, dogon aiki kuwa ta tsira.

Nijar tana cikin yarjejeniyar OHADA ta 1993. A dokokinta, in bashin ciniki tabbatacce ne, adadinsa sananne, lokacin biya kuma ya yi, alƙali na iya ba da umurnin biya ba tare da doguwar shari'a ba. Irin wannan aiki ya dace da yanke. Amma in wanda ake bi ya ƙalubalanci umurnin, shari'a ta buɗe. Rikicin shago ko na gado, da ba a san ƙarshensa ba, gara a yanke shi mataki-mataki.

Kafin ki miƙa ko dala, tambayi: kuɗin husiye da tambur suna ciki? Ɗaukaka ƙara fa? Galibin lauyoyi a Yamai suke, wa zai biya mota da masauki zuwa Damagaram ko Tawa? A rubuta komi, a sa hannu, a karɓi rasit.

In saɓani ya taso kan kuɗin, shugaban ƙungiyar lauyoyi ake kai wa kuka. Marasa hali kuma su nemi hukumar ANAJJ, da dokar 2011 ta kafa don agajin shari'a.

Jama'a, tun ran gini, tun ran zane.