Gudummawar Labaran Binciken Laifi Wajen Cusa Ɗabi'ar Karatu a Makarantu

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da malaman harshe suka daɗe suna kuka da su akwai ta ɗalibin da yake karanta shafi har ƙarshe ba tare da gargada ba, amma idan aka tambaye shi dalilin da ya sa wani tauraro ya aikata abin da ya aikata, sai ya yi shiru. Irin wannan ɗalibi yana furta rubutu ne kawai, ma'ana kuwa ta wuce shi. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan labaran binciken laifi na asali, irin na Arthur Conan Doyle da Agatha Christie, domin nuna cewa zubi da tsarinsu yana tilasta wa mai karatu yin irin tunanin da malami yake nema daga ɗalibinsa.

2.0 Asalin Nau'in

Yawancin masana suna danganta asalin wannan nau'i da marubucin Amurka Edgar Allan Poe, wanda ya fitar da labarin The Murders in the Rue Morgue a shekarar 1841. Sai dai Conan Doyle ne ya yaɗa shi a duniya. Ya fara gabatar da Sherlock Holmes a cikin A Study in Scarlet a 1887, a jimlace kuma ya rubuta dogayen labarai 4 da gajeru 56 a kansa. Doyle likita ne, kuma ya bayyana cewa ya ɗauko halin Holmes daga malaminsa, Joseph Bell, wanda ya shahara wajen gane sana'ar majinyaci daga kamanninsa tun kafin ya buɗe baki. A 1920 Agatha Christie ta fito da Hercule Poirot a cikin The Mysterious Affair at Styles. A ƙarshen waɗannan shekaru na 1920, marubuta irin su S. S. Van Dine da Ronald Knox suka tsara wa nau'in ƙa'idoji, waɗanda ginshiƙinsu shi ne adalci ga mai karatu, wato duk alamar da mai bincike zai dogara da ita wajen warware matsala dole ne a riga an nuna wa mai karatu ita.

3.0 Zubi da Tsari

A 1966 masanin adabi Tzvetan Todorov ya yi nuni da cewa labarin bincike labarai biyu ne a haɗe. Na farko labarin laifin ne, wanda ya riga ya faru kuma a ɓoye yake. Na biyu labarin binciken ne, wanda shi ne a kan takarda. Aikin mai karatu shi ne ya yi amfani da na biyun ya gano na farkon.

Wannan tsari yana haifar da abubuwa uku masu muhimmanci ga koyarwa. Da farko akwai jan rai, domin tambayar da aka jefa a farkon labari ba ta barin ɗalibi ya ajiye littafi. Na biyu, tun da kowace kalma tana iya zama alama, ɗalibi yakan rage tsallake layi, yakan kuma koma baya da kansa don ya tabbatar da abin da wani ya faɗa. Na uku, yakan koyi rarrabe abin da aka gani da ido, da abin da wani ya yi iƙirari, da abin da ake zato. Wannan rarrabewa ita ce tushen auna fahimta, kuma da ita ake aiki a darasin tarihi da na kimiyya.

4.0 Misali a Aji

Labarin The Red-Headed League, wanda ya fito a mujallar Strand a 1891, ya dace da aji domin gajere ne kuma babu kisan kai a cikinsa. Wani mai karɓar jingina a Landan, Jabez Wilson, mai jan gashi, ya kawo wa Holmes ƙorafi. Yaron shagonsa ya nuna masa sanarwar wata ƙungiya ta masu jan gashi, aka ɗauke shi aikin kwafar kundin Encyclopaedia Britannica daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, ana biyansa fam 4 a mako, bisa sharaɗin kada ya bar ofishin a waɗannan sa'o'i. Bayan mako 8 ya tarar da ƙofa a kulle, an rushe ƙungiyar.

Kafin warwara, marubucin ya shimfiɗa alamunsa a fili. Yaron shagon ya yarda da rabin albashi. Yana yawan shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa da sunan wanke hotuna. Da Holmes ya je wurin, ya bubbuga daɓen gaban shagon da sandarsa, ya dubi gwiwoyin wandon yaron, sannan ya zagaya bayan layin ya ga akwai banki.

A daidai nan ne ya kamata malami ya tsayar da karatu. Sai a raba allo gida uku: abin da aka tabbatar, da abin da aka faɗa ba a tabbatar ba, da tambayoyin da suka rage. A kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya rubuta hasashensa, tare da sharaɗin cewa duk wanda ya yi zargi sai ya nuna shafi da layin da ya dogara da shi. Bayan haka a karanta ƙarshen, inda za a ga cewa an ƙirƙiri ƙungiyar ne don a nisanta Wilson daga shagonsa, yaron ya sami damar haƙa rami zuwa ma'ajiyar bankin. Mataki na ƙarshe, wanda ya fi sauran amfani, shi ne a sake karanta labarin daga farko, kowane ɗalibi ya nemo alamar da ta kuɓuce masa da dalilin kuɓucewarta. A nan ɗalibi yake gane cewa abin da ya rasa yana nan a rubuce tun farko.

5.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce harshe, domin Ingilishin ƙarni na 19 yana da nauyi ga mai koyo. Littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki, irin waɗanda Michael West ya fara tsarawa a Bengal a shekarun 1920, suna rage wannan nauyi. Amma wajibi ne malami ya bincika ko sauƙaƙawar ta yar da wata alama, domin idan alama ɗaya ta faɗi, adalcin labarin ya rushe.

Ta biyu ita ce kallon raini da wasu labaran suke yi wa al'ummomin da Ingila ta mallaka, kamar yadda aka siffanta mutumin tsibiran Andaman a cikin The Sign of Four na 1890. A ƙananan azuzuwa a kauce wa irin wannan, a manya kuwa a mai da shi abin tattaunawa.

6.0 Matsayin Harsunan Gida

Wannan nau'i ya riga ya sami gindin zama a wasu harsunan Afirka. A Swahili, Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fitar da Mzimu wa Watu wa Kale a 1960, da tauraronsa Bwana Msa, wanda aka gina a kan siffar Holmes. A Yarbanci akwai Oladejo Okediji da mai bincikensa Lapade, da Kola Akinlade da nasa, Akin Olusina. Waɗannan marubuta sun ari ƙashin bayan zubin, suka tufatar da shi da rayuwar mutanensu. Haka kuma, ɗalibin da ya taso da kacici-kacici da labaran alƙalai masu gano maƙaryaci ta hanyar hikima ba baƙo ba ne ga irin wannan tunani.

Ga masu sha'awar fassara, Doyle ya rasu a 1930, don haka haƙƙin mallakar ayyukansa ya ƙare bisa ƙa'idar shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Christie kuwa ta rasu a 1976, ayyukanta suna buƙatar izini. Babban aikin mai fassara shi ne kiyaye alamu, musamman waɗanda suka rataya a kan kalma mai harshen damo.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ƙa'idar adalci ga mai karatu take mai da ɗalibi abokin bincike, da yadda tsayar da karatu kafin warwara yake mai da labari darasin kafa hujja. Abin da ya rage ga sassan nazarin harsunan Nijeriya shi ne su zaɓi gajerun labarai kaɗan, su fassara su, su gwada su a azuzuwan ƙaramar sakandare, sannan su kwatanta sakamakon da na darasin auna fahimta da aka saba.