Lasisin Manhaja da Ƙaramar Cibiyar Koyar da Rumbun Bayanai

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake nufi da lasisin manhaja, ta hanyar duba halin ƙaramar cibiya, sabuwar kafawa, wadda ke karɓar kuɗi tana koyar da sarrafa rumbun bayanai a kwamfuta. Kalmar "lasisi" ta daɗe da zama 'yar gida a Hausa, amma abin da Bahaushe ya sani da ita shi ne takardar izini daga hukuma, kamar lasisin tuƙi ko na bindiga. A fagen manhaja kuwa, ba hukuma ke bayar da shi ba. Yarjejeniya ce tsakanin mai haƙƙin mallaka da mai amfani.

Tushen al'amarin yana cikin dokar haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta a cikin ayyukan adabi, wato a idon shari'a tana sahu ɗaya da littafin ƙagaggen labari, abin da ya kamata ya ja hankalin manazarta adabi. Saboda haka, idan mai cibiya ya ce ya "sayi" manhaja, bakinsa ya riga shi kuskure. Abin da ya samu ya fi kama da aron gona: ya noma, ya girbe, amma ba shi da ikon sayarwa, kuma sharaɗin mai gona shi ne iyakarsa.

Manyan kamfanoni suna auna kuɗin lasisi ta fuska biyu. Oracle yana ƙirgawa ko dai da yawan mutanen da aka ba izinin amfani, ko kuma da ƙarfin na'urar da aka ɗora manhajar a kanta. Microsoft ma yana da tsari makamancin wannan ga SQL Server. Cibiyar da ɗalibanta ke sauyawa kowane wata uku ba za ta iya ɗaukar irin wannan nauyi ba. Don haka sai ta karkata ga abin da ake saukewa daga intanet ba tare da biyan ko sisi ba, kuma a nan ne tarkon yake.

Oracle yana barin kowa ya sauke cikakkiyar manhajarsa a ƙarƙashin lasisin masu ƙirƙira, wanda ya halatta gwaji da gina samfuri. Sai dai wannan lasisi ya hana a yi amfani da manhajar wajen horar da wasu mutane na waje, sai da izinin kamfanin a fili. Ke nan, malami yana iya koyo da ita a ɗakinsa, amma ranar da ya ɗora ta a kan kwamfutoci ashirin ya karɓi kuɗin ɗalibai, ya ƙetare sharaɗi, ko da bai canza harafi ɗaya ba. Microsoft kuwa ya mayar da nau'in Developer kyauta a 2016, bisa sharaɗin kada a gudanar da ainihin harkar kasuwanci da shi. Cibiyar da ta adana rajistar ɗalibanta da lissafin kuɗinta a cikinsa ta fita daga gwaji.

Ingilishi yana da kalma guda mai ɗauke da ma'anar "kyauta" da ta "'yanci", kuma wannan ya haddasa ruɗani mai yawa. Hausa ta raba su, kuma mai fassara bai kamata ya haɗe abin da harshensa ya rarrabe ba. Misalan da suka gabata kyauta ne marasa 'yanci. PostgreSQL, a ɗaya ɓangaren, lasisinsa ya yarda a yi amfani da shi don kowace irin manufa, a kwafa, a gyara, a rarraba, muddin an bar sanarwar haƙƙin mallaka a jikinsa. MySQL yana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fara tsarawa a 1989. Sharaɗinsa yana hawa kan mai rarraba manhaja ne, ba ya taɓa mai koyarwa da ita. Da manhajar ta koma hannun Sun a 2008, sannan Oracle ya mallaki Sun a 2010, wannan lasisi ne ya ba wasu daga cikin maƙeranta damar ɓallewa da MariaDB tun a 2009.

Tun da harshen SQL shi ne ginshiƙin dukkan waɗannan manhajoji, ɗalibin da ya ƙware a PostgreSQL ba zai zama baƙo a gaban Oracle ba, duk da bambancin karin harshe da ke tsakaninsu. Matsalar da ta rage ita ce ta takardar shaida: masu ɗaukar ma'aikata sukan nemi sunan wani kamfani takamaimai, kuma cibiyar da ke son koyar da kwas mai ɗauke da wannan suna ya kamata ta duba sharuɗɗan kamfanin game da amfani da sunansa kafin ta buga talla.