Labarin Mata Biyu Da Suka Keta Hamada Bisa Babur

Wannan labari ne na waɗansu mata biyu, mutanen Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, waɗanda suka tashi daga Landan bisa babur guda, suka bi hanyar fatake ta dā, suka ratsa Agadas da Kano, har suka dangana da Kef Tawun, can ƙurewar Afirka ta kudu. Sun tashi ran 11 ga Disamba 1934, watau cikin watan Ramadan na 1353. Sun isa ran 29 ga Yuli 1935, a ƙarshen Rabi'us Sani na 1354. Tsawon tafiyar ya kai wajen mil 13,500, cikin wata 7 da kwana 18.

Su biyun nan ba baƙin babur ba ne. Florence ta riga ta yi suna wajen tsere, don a cikin 1934 ta zarce gudun mil 100 cikin sa'a guda a filin sukuwar Brooklands. Theresa kuwa ta karanta ilmin injuna, ta san kwance inji da ɗaura shi. Abin hawansu babur ne mai suna Panther, ƙirar Ingila. An manna masa akwati mai ƙafa ɗaya a gefe, inda ɗaya ke zama in ɗaya na tuƙi, sa'an nan aka ɗaura masa amalanke a baya don tanti da guzuri da ruwa da man fetur.

Da suka ƙetare Faransa sai suka shiga jirgin ruwa zuwa birnin Aljir. Daga nan suka fuskanci kudu, suka bi ta Gardaya, da Algoliya, da Insala, da Tamanrasat cikin duwatsun Ahaggar, da Ingizam. A zamanin nan ƙasashen duka suna hannun Faransawa, ba a kuwa barin matafiyi ya shiga hamada sai da izninsu, gama wanda ya ɓace su ne za su fita nemansa. Babu kwalta, babu gari sai bayan kwanaki. Lokacin hunturu ne, dare da sanyi mai ratsa ƙashi, rana kuwa da ƙuna.

Wahalar babur cikin rairayi ta bambanta da ta raƙumi. Tafin raƙumi mai faɗi ne, yana bajewa bisa yashi, amma ƙafar babur siririya ce, tana juyawa tana haƙa wa kanta rami. In ta kafe, sai a sauke kaya, a tura, a komo a kwaso kayan a ka. Har wa yau, injin irin wannan babur iska ce ke sanyaya shi. In yana tafiya sannu cikin yashi yana ja da ƙarfi, ba ya samun iska, sai zafi ya taru, ƙura ta shiga, ƙarafan ciki su dinga cin juna.

Haka kuwa aka yi. Kafin su kai Agadas injin ya lalace, ya tsaya cik. Abin da ya rage tsakaninsu da halaka shi ne ruwan da ke hannunsu da kusancin gari. Da turi da ja aka kai babur cikin birnin, garin Sarkin Abzin, mai doguwar hasumiyar masallaci wadda matafiyi ke hangowa tun daga nesa. Nan suka zauna makonni suna jiran kayan gyara daga Ingila. Da kayan suka iso, suka ɗaura injin, ya tashi, suka nufo Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga Kano suka yi gabas zuwa ƙasar Cadi, suka gangara Kwango, suka bi ta Yuganda, da Kenya, da Tanganyika, da Rodeshiya, har bakin teku.

A nan akwai abin lura ga masu fatauci. Hanyar da suka bi ba su ne suka sare ta ba. Shekaru aru-aru ayari na bin ta, Buzaye da Larabawa da Hausawa, suna kai fatu da turkuɗi arewa, suna komowa da takarda da littattafai da alharini. Madugu ba ya tashi sai ya ƙidaya zango, ya san rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe, ya cika salka gwargwadon kwanakin da ke tsakani. Babur ya rage yawan kwanakin, amma bai kau da lissafin ba, ya ma ƙara masa wani: ban da ruwan mutum, sai an ƙidaya man inji. Raƙumi yana kiwo a hanya, in ya gaza a musanya shi a kasuwa. Inji kuwa, ƙarfe ɗaya da bai kai tafin hannu ba ya isa ya tsai da shi, maƙerinsa kuma yana bayan teku. Abin da ya fisshe su shi ne sanin gyaran abin hawansu, da haƙurin jira, da garin da ayari ya raya a bakin hamada. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Theresa ta yi tsawon rai. Ta koma Amurka da zama, ta buɗe makarantar koyar da tuƙin babur, ta rasu cikin 1999 tana da shekara 90. Labarin tafiyar da ta rubuta, The Rugged Road, ya fito cikin 2001. A yau an shimfiɗa kwalta a galibin hanyar, amma har yanzu direban da ya san hamada ba ya barin zango sai ya duba ruwansa, da mansa, da kayan gyaransa. Tamat.