Ciwon Sarkoyidosis: Mai Kama da Tarin Fuka, Mai Kama da Kuturta

A Ƙonni, Malbaza ko Illela, idan tarinka ya wuce mako biyu, tarin fuka ake fara zato, kuma daidai ne, domin shi ya fi yawa. To amma idan an auna kakinka sau da dama ba a ga ƙwayar cuta ba, ko ka sha magani wata shida cur ba sauƙi, akwai wani ciwo da ya kamata a tuna da shi, wato sarkoyidosis.

Har yanzu ba a gano musabbabinsa ba. Garkuwar jiki ce ke tara ƙananan ƙulle-ƙulle cikin nama. Ba a ɗaukarsa daga wani. Kusan mutum 9 cikin 10 masu shi a huhu yake kama su, shi ya sa hoton ƙirjinsu kan yi kama da na mai tarin fuka.

Wahalar ita ce, wani lokaci ba da tari yake zuwa ba. Yakan fito a fata, har a zaci kuturta ce, alhali tabon kuturta ba ya jin taɓi, wannan kuwa galibi yana ji. Abin mamaki, yakan bi tsohon tabo: tsagar gado, wurin ƙaho ko shasshawa da suka warke tun ƙuruciya sai su kumbura, su yi tauri. Kada ka ɓoye wa likita wannan, domin alama ce mai amfani ƙwarai. Wasu kuma jan ido ne da ganin hazo, ko karkacewar baki, ko tsakuwar ƙoda.

Gwajin jini kaɗai ba ya tabbatar da shi. Sai an yanki ɗan nama daga fata ko kaluluwa an duba da madubin likita. Saboda haka ka nemi takardar turawa daga asibitin gunduma ko na Galmi zuwa Tawa ko Yamai, ka riƙe tsofaffin hotunanka da katin maganinka. Idan aikinka na ƙura ne, kamar fasa dutse ko siminti, ka faɗa.

Wasu sukan warke ba magani, wasu sai da prednisolone. Kada ka saye shi a kasuwa: yana raunana garkuwar jiki, kuma idan ashe tarin fuka ne, zai ƙara tsananta shi.